Wutar da Ado Ya Kashe

Ranar Litinin da hantsi, Ado yana zaune a tsakar falo, littattafan fiƙihu zube a gabansa, wayar matarsa Saudatu ta yi ƙara. Bai ɗaga kai ba sai da ya ji ta yi salati a hankali, irin wanda take yi idan miya ta ƙone ga baƙi a hanya.

Pak Cik Rosli ne ya kira, dattijon da yake kula da ɗakin gwajin da take aiki. Ya ɗago hannunsa a hoton wayar ya nuna mata munduwa ruwan hoda, wadda ma'aikatan lafiya suke ɗaura wa duk wanda ya yi cuɗanya da mai korona. Surukinsa ne ya kamu. Kwana goma ba shi ba ƙofar gida.

Shekara uku ke nan Saudatu tana digirin digirgir a Kuala Lumpur a kan abu guda: yadda za a kashe gobara a ɗakin injin jirgin ruwa. 'Yar Kano ce fa, wadda kafin ta zo Malesiya babban ruwan da ta taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga, shi ma daga tagar mota. Danginta har gobe sun ɗauka aikin kwana-kwana take koyo, ta gaji da yi musu bayani ta ƙyale su. Abin da ta ƙera wasu kawunan feshi ne da suke farfasa ruwa ya fita lis, ya fi na kwalbar turare laushi, ya shaƙe wuta ba tare da ya cika ɗaki ya lalata inji ba. Ta yi gwaji takwas duk sun yi kyau. Saura na tara, wanda dole sai jami'ar duba jiragen ruwa ta gani da idonta ta sa hannu, in ba haka ba babu zancen digiri.

Ranar Alhamis aka ba ta, rana ɗaya tak, bayan wata biyu tana neman takardar izinin fita a cikin kulle. Daga Juma'a wani kamfani zai karɓi ɗakin gwajin har wata shida, ita kuwa izinin zamanta a ƙasar ƙarshen watan gobe zai ƙare. In Alhamis ta kuɓuce, sai dai ta tattara ta koma gida da takardu cike da akwati, ba digiri.

"To ki je ke kaɗai mana," in ji Ado. "Ai ke kika ƙera abin."

"Doka ta hana, Malam. Ba a kunna wuta sai da mutum biyu. Kuma mota ba ta ɗaukar kowa yanzu sai 'yan gida ɗaya."

Ta zuba masa ido. Ado ya waiga bayansa ko akwai wani a falon, bai ga kowa ba sai fanka.

Shi dai Ado bawan Allah ne mai sanyin hali. Shari'ar Musulunci yake karantawa, ya iya warware mas'alar gado mai magada ashirin yana shan shayi, amma ashana in ya ƙyasta sai ya miƙe hannu can nesa ya kawar da kai. Duk da haka bai yi musu ba. Ya ga yadda matar nan ta rame a kan aikin, ya san sau nawa ta dawo gida gashin girarta a babbake tana dariya.

A ranar ta fara koya masa. Ta samo kwalin taliya ta kifa a kan tebur, ta manna murfin kwalba kore a jikinsa.

"Aikinka ɗaya ne," ta ce. "Zan kunna wuta, a bar ta ta ci minti biyu cif. In na ce maka 'saki', sai ka danna koren nan, ka amsa da ƙarfi, 'na saki', don jami'ar ta ji."

Ado ya ajiye kofin shayinsa.

"In ce me?"

"Na saki. Ruwan za ka saki."

"A'a, Injiniya. Wallahi ba da ni ba. Shekara goma sha biyu ina karatun fiƙihu, sannan in tsaya a gaban shaida, ana ɗaukar murya, matata ta ce mini saki in ce na saki? Ko a mafarki ban yarda ba."

"Haba Malam, ruwa fa ake nufi!"

"Malamai sun yi saɓani a kan niyya. Ni ba zan shiga saɓanin da igiyar aurena ba."

Saudatu ta yi dariya har ta riƙe ciki, dariyar farko tun da aka kira ta. Suka daidaita a kan za ta ce "ruwa", shi kuma ya danna ya ce "ya zo". Kwana uku suna bita. Yana alwala za ta ƙwala masa "ruwa!", ya rugo da ƙafa ɗaya a jiƙe ya danna murfin kwalba. Zuwa Laraba har alfahari yake yi da saurinsa.

Alhamis da safe suka bar unguwarsu Taman Melati, titi fayau kamar an share. Suka tsaya a shagon mamak, mai sayar da abinci na bakin layi, suka yi tapau, wato aka ƙunsa musu nasi lemak, shinkafar kwakwa da ƙwai, ƙunshi biyu, don an hana zama a ci. A shingen 'yan sanda wani soja ya karanta takardar izinin, ya leƙo ya dubi Ado ya tambayi aikinsa. Ado ya gyara zaman takunkuminsa ya ce mataimakin injiniya ne. Saudatu ta kalli gefe tana danne dariya.

Wurin gwajin wata ƙatuwar rumfa ce a bayan gari. A cikinta akwai ɗaki na ƙarfe zalla, an yi shi kamar ɗakin injin jirgi, da wani dirkeken akwatin ƙarfe baƙi ƙirin a tsakiya a matsayin injin. A saman rufin kawunan feshin Saudatu ne guda shida, ƙanana, ko wanne bai fi babban yatsa ba. Ado ya daɗe yana kallonsu, yana mamakin a kan 'yan abubuwan nan aka ƙarar da shekara uku.

Ta nuna masa inda wuta za ta tashi. Babba a saman injin, inda man dizal zai riƙa fesowa kamar bututu ya fashe. Ƙarama kuma a wani tire da aka tura can ƙarƙashin injin.

"Babbar ba ta ba ni tsoro," ta ce. "Ita da kanta take cinye iskar ɗakin. Ƙaramar nan ce munafuka, tana laɓewa inda ruwa ba ya kai wa kai tsaye. Dole duka biyun su mutu kafin minti goma sha biyar."

Ɗakin da za su tsaya siriri ne, babu taga sai wani gilashi mai kauri da yake kallon ɗakin ƙarfen. Ita a gaban gilashin za ta tsaya da agogo. Shi kuma a bangon baya, taku huɗu tsakaninsu, inda koren maɓalli yake. Kusa da maɓallin akwai jerin makunnan fitilu, da wani akwati mai ƙaton hannu da alamar walƙiya a jiki.

"Koren nan kawai," ta ce. "Sauran babu ruwanka da su."

Ƙarfe goma sha ɗaya jami'ar ta bayyana a fuskar kwamfuta daga gidanta a Cheras. Puan Norhayati sunanta, dattijuwa mai tabarau a kan karan hanci, shekara talatin tana hawa jirage tana duba su. Da kyamarar da aka manna a jikin gilashin take ganin komai. Ta gaisa a taƙaice, ta ce a fara.

Saudatu ta yi bismilla ta kunna.

Kwalin taliya bai gaya wa Ado gaskiya ba. Ya zaci zai ga wuta irin ta mai tsire, sai ga wani abu ya tashi da gurnani, ja da baƙi, ya daki rufin ya bazu ya taho ya lashi gilashin. Bangon da ya jingina da shi ya ɗauki rawa. Ya nemi addu'ar gobara a kansa ya rasa, sai ta shiga kasuwa ce take ta zuwar masa. Minti biyun nan ya ji su kamar wa'azin da ya ƙi ƙarewa.

"Ruwa!" in ji Saudatu.

Takunkumi ya danne muryar, gurnanin wuta ya haɗiye sauran. Ado yana tsaye ƙiƙam, ido a waje.

"Ruwa! Malam!"

Bai motsa ba. Daƙiƙa tana tafiya. Ta juyo gaba ɗaya ta ƙwala da iya ƙarfinta, "Malam, kashe wutar!"

Wannan kam ya ji. Kuma duk wanda ya tashi a Gwammaja irinsa ya san abin da ake yi idan gobara ta kama aka yi ihun a kashe wuta: mita ake rugawa. Jikinsa bai jira shawarar kansa ba. Ya tsallake koren maɓalli, ya cafki ƙaton hannun nan mai alamar walƙiya da hannu biyu, ya finciko shi ƙasa.

Fitilu suka ɗauke. Injin turo ruwa da yake ta gunji a shirye ya yi wani dogon nishi ya tsaya. Fuskar Puan Norhayati ta daskare a kwamfuta, baki a buɗe. In ban da ita, ba abin da ya rage mai haske sai gobarar, tana ci hankali kwance. A cikin duhun nan Ado ya hango har 'yar ƙaramar ta ƙarƙashin injin, tana rawa ita kaɗai.

"Na kashe," ya ce, da 'yar muryar wanda yake jiran yabo.

Saudatu ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta tako ta mayar da hannun sama, ta jira injin ya farfaɗo, ta danna koren da kanta. Ruwa ya sauko fari fat, wutar ta yi ta turjiya ta mutu. Amma an riga an wuce minti biyu da nisa, kuma shaida ba ta ga komai ba. Gwajin ya tashi a banza.

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Ado. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige, ya bar mata takalmansa.

Da layi ya dawo, Puan Norhayati ta gyara tabarau ta tambayi abin da ya faru. Saudatu ta buɗe baki, Ado ya san rufa masa asiri za ta yi, sai ya riga ta. Ya matso gaban kwamfutar ya cire hula, ya yi bayani da Turancinsa mai ƙanshin Larabci. Ya ce laifinsa ne shi kaɗai. Ya ce a harshensu kalma ɗaya ce take nufin wutar da take ƙuna da wutar da take haska fitila, matarsa ta ce ya kashe ɗaya, shi kuma ya kashe ɗayar. Ya roƙe ta kada ta hukunta aikin shekara uku saboda wautar minti ɗaya.

Dattijuwar ta zuba masa ido. Can sai kafaɗunta suka fara girgiza, ta cire tabarau tana share ido.

"Mu ma haka ne, lah," ta ce. "Mahaifiyata har ta rasu api take ce wa lantarki, kalmar da muke kiran gobara da ita. Shekara talatin ina wannan aiki, na ga bututu ya fashe, na ga inji ya ƙi tashi, ban taɓa ganin wanda ya kashe mini wutar da ba ita ba sai yau." Ta mayar da tabarau, fuskar aiki ta dawo. "Akwai man da zai isa a sake?"

"Na sau ɗaya," in ji Saudatu.

"To sau ɗaya. Ku bar ɗakin ya huce. Ƙarfe huɗu zan dawo, ƙarfe biyar izininku ya ƙare."

Suka buɗe ƙofofi, suka kunna fankokin zuƙe hayaƙi, suka yi sallar azahar a kan kwali. Suka zauna a bakin rumfar da ƙunshin nasi lemak. Ado ya kasa kai loma. Saudatu ta ci nata tas, ta jawo nasa ta ɗauke ƙwan.

"Wannan tararka ce," ta ce.

"Injiniya, ki yafe mini."

"Ni ma da laifina. Na san ɗan Gwammaja na aura." Ta yi murmushi.

Da ɗakin ya huce ta shiga dubawa, ta fito fuska ba walwala, riƙe da wata waya a narke. Ita ce take auna zafin tiren ƙarƙashin injin, ita take shaida cewa ƙaramar wutar ta mutu. Daɗewar da gobarar ta yi ba ruwa ce ta cinye ta, sabuwa kuma tana cikin kabad ɗin Pak Cik Rosli, makullin yana aljihunsa a gida. Ado bai tambayi wanda ya jawo ba.

Ƙarfe huɗu Puan Norhayati ta dawo. Da ta ji labarin wayar, ta ce in na'ura ba za ta faɗa ba, to sai ido ya gani, kuma idonta ba ya sa hannu a kan zato.

Wannan karon Ado ya cire takunkumin kunya ya ce a bar maganar kira, ta ɗaga hannu kawai, in ta sauke ya danna. Ya ɗora yatsa a kan koren tun kafin a kunna, ya kawar da ido daga gilashin, ya kafa ido a kan hannun Saudatu da ta ɗaga sama. Wuta ta tashi da gurnaninta, bango ya yi rawa, gumi ya jiƙa masa riga. Bai kalli gilashin ba. Hannun yana sauka ya danna.

"Ya zo!" ya faɗa, da ƙarfin da har Cheras sai da aka ja baya daga kwamfuta.

Ruwa ya cika ɗakin ƙarfen. A minti na uku babbar wutar ta durƙushe, a na huɗu ta tafi. Saura munafukar. To amma feshin ya haɗu da hayaƙi da tururi, hasken fitilun ɗakin yana dukansu, gilashin ya koma fari sol kamar an shafa masa koko. Ba a ganin injin ma, balle abin da yake ƙarƙashinsa.

Minti takwas. Minti goma sha ɗaya. Saudatu ta manna goshi a gilashi, ta kare gefen ido da tafin hannu, a banza.

"Ba na ganin komai sai fari," in ji Puan Norhayati. "In lokaci ya cika a haka, ba zan iya cewa ta mutu a cikin lokaci ba. Ki yi haƙuri."

Minti goma sha uku. Ado yana jin yadda numfashin matarsa ya sauya. Sai ya tuna abin da ya gani ɗazu a cikin duhu, 'yar ƙaramar wutar tana rawa, wadda da fitilu a kunne bai ko lura da ita ba.  Ya san bakinsa ba shi da sauran daraja a ɗakin nan, amma ya buɗe shi.

"Injiniya, in kashe wutar?"

Ta juyo ta watsa masa wani kallo da bai taɓa gani ba tun aurensu.

"Ta fitilu kawai," ya yi sauri ya ce. "Ƙananan makunnan nan. In akwai sauran harshen wuta, a duhu ba shi da wurin ɓuya. Ɗazu na gan ta sarai."

 Ta juya ta faɗa wa jami'ar da Turanci cikin sauri.

"Boleh, na yarda," in ji dattijuwar. "Maza."

Saudatu ta rufe fuskar kwamfutar rabi don haskenta kada ya dame su. Ado ya karanta rubutun kowane makunni sau biyu, ya yi bismilla, ya kashe na ɗakin ƙarfe, ya kashe nasu.

Duhu ya rufe ko'ina. Ba a jin komai sai shuuu ɗin ruwa. Su uku suka zuba ido a inda gilashin yake, suna neman ko ɗigon ja, ko ɗan haske mai motsi can ƙasa. Ado ya ware ido har suka fara yi masa zafi. Bai taɓa roƙon Allah ya hana shi ganin abu da gaske irin na yau ba.

Babu komai. Baƙi ƙirin daga sama har ƙasa.

"Lokaci?" in ji muryar Puan Norhayati.

Saudatu ta danna ɗan hasken agogonta. "Sha huɗu da daƙiƙa goma."

"Na gani. Wato ban ga komai ba, kuma shi nake nema. Ta mutu a cikin lokaci, zan sa hannu." Muryar ta yi laushi. "Barka, Dakta. Ku kunna fitila ki zo gaban kyamara in gan ki da kyau."

Farin ciki ya rufe Ado. Ya lalubi makunnin zai danna, sai ya ji an riƙe masa hannun riga. Bai san lokacin da ta tako taku huɗun nan ba.

"Malam," ta ce a hankali, muryarta tana karyewa, "kar ka kunna tukuna."

Ta kifa goshinta a kafaɗarsa. Shekara uku yana ganin matar nan tana dawowa da ƙuna a hannu, ana mayar mata da babi ta sake rubutawa, kulle ya hana ta zuwa jana'izar kakarta, bai taɓa ganin hawayenta ba. Yanzu ma bai gani ba, ɗuminsu kawai ya ji yana ratsa rigarsa.

"Dakta? Kuna ji na?" in ji dattijuwar.

Ado ya gyara murya ya ce da Turanci, "Muna ji, ranki ya daɗe. A ɗan ba mu minti ɗaya, ina neman makunnin ne."

Yatsansa yana kan makunnin, ya bar shi a nan bai danna ba.